Gawon Da Na Yi Wa Shaidar Zur

Na iya ɗaukar hoto, wannan ba sai an tambayi kowa ba. Tun ina aji biyu a jami'a a nan Dutsin-Ma na gane haka, kuma ban taɓa ganin amfanin yin kawaici a kai ba. In mu huɗu muka tsaya gaban itace ɗaya da waya iri ɗaya, ukun za su dawo da hoton itace, ni in dawo da abin da za a kalla a sake kallo. Abin da ban iya ba a lokacin shi ne tambaya.

Mu 'yan zamaninmu, in aka ce daji, ba inuwa ko 'ya'yan itace ke faɗo mana a rai ba. Mun tashi ne muna jin sunansa cikin mugun labari kawai: an tare hanya, an kora shanu, kada a kuskura a wuce wuri kaza bayan la'asar. Ni kuwa a kwatas ɗin ma'aikata aka haife ni, tsakanin katangar bulo da darbejiya biyu. Mahaifina ya rasu ina firamare. Ƙauyensu da ke bayan Kurfi sai da sallah ko biki ake kai mu, mu wuni cikin gida, mu ci, mu gaishe da tsofaffi, mu dawo.

Waya ce ta fitar da mu. Mu huɗu ne 'yan aji ɗaya, mata biyu, maza biyu. Ranar Asabar da hantsi sai mu ɗauki shatar kurkura, wato a-daidaita-sahu, mu nufi wajen Kutawa ko Dabawa ko bakin dam, mu tsaya iyakar inda muke iya hango titi, kafin azahar mun koma. Ba mu taɓa kutsawa can ciki ba, mu ba mahaukata ba ne. Amma ko a gefen nan akwai abin kallo. Na ɗauki saiwar tsamiya da ta tsaga dutse ta shige. Na ɗauki kuka mai kogo wadda mutum uku za su zauna a cikinta su ci abinci. Na kwanta ruf da ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa, hijabina duk taɓo, don in samu raɓa a kan ganyen kalgo kafin rana ta shanye ta. In muka ɗora a shafinmu sai ka ga yaran garin nan suna rubuto mana, “Wai nan Dabawa ce? Ku ji tsoron Allah!” Wasu ma suka fara fita da nasu wayoyin suna turo mana abin da suka gani. Wallahi abin yana yi mini daɗi, har yanzu kuma ina alfahari da shi.

Ana tsakiyar damina, lokacin marka, aka yi suna a ƙauyenmu. Na sauka wajen Goggo, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a tsohon gidan. Gajeriya ce mai saurin tafiya, ta haura sittin, tana kiwon awaki da tumaki tun rasuwar mijinta, kuma dangi sun ce bakinta na gado. Da hayaniyar suna ta ishe ni sai na zame ta ƙofar baya na bi wata 'yar hanya tsakanin gero. Na san kakanmu ya bar wani yanki a bakin rafi bai sassabe ba, ana ce masa dajin gidanmu, amma ban taɓa taka shi ba.

Ina ƙarewa daga cikin geron na tsaya cak. Ƙasa kore shar, sabara da kalgo sun cika sun tumbatsa, rafi yana gudu. Sama da su kuwa wasu manyan itatuwa sun fi ashirin, farare fat, babu ganye ko ɗaya. Ɗaya a tsakiya ya fi duka girma, rassansa sun bazu ta ko'ina. A bayansa hadari ya haɗu baƙi ƙirin, rana kuma ta sako wani haske ta gefe ya faɗa daidai kan farin reshen. Na ɗauka sau uku, na biyun ya fito yadda nake so, ruwa ya sauko na ruga gida.

Ban tambayi kowa ba. Ga Goggo, ga mata cike da tsakar gida waɗanda aka haifa a gindin itatuwan nan, amma ni mai digiri a hanya me zan tambaye su? Na ga itace ba ganye a tsakiyar damina, na yanke hukunci. Tun a mota kafin mu iso Kurfi na rubuta a ƙarƙashin hoton: “Dajin kakanmu ya mutu muna kallo.” Na ɗora a shafinmu, na kuma jefa a guruf ɗin dangi don su ma su ji zafin da na ji.

Hoton ya yi gudu. Mutanen da ban sani ba suna ta yaɗawa, suna jajanta mini, wasu suna zagin masu sare itatuwa, wasu suna zagin canjin yanayi. Wani malaminmu ya ce za a buga shi babba a rataye a zauren sashenmu. Kwana huɗu na yi ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Ranar Laraba da safe Goggo ta kira ni. Ba gaisuwa, ba komai.

“Ɗiyar nan, ki zo yau.”

“Goggo, lafiya? Ina da lacca.”

“Ki zo yau na ce.”

Na hau motar Kurfi, daga can na ɗauki ɗan kabu-kabu. Na same ta tana ba awaki dusa. Ko ruwa ba ta bari na sha ba, ta kama hannuna ta ja ni har bakin rafi, ta tsayar da ni gaban babban itacen nan.

“Mi ne ne wannan?”

Na ce busasshen itace.

“Sunanshi nike tambaya.”

Na ɗaga kai na sake kallon rassan.

“Innalillahi! Shekara nawa ana biya miki makaranta? Gawo ne! Gawo! Yaron da bai daina fitsarin kwance ba a garin nan ya san gawo da damina yake zubar da ganye. In kowa ya yi kore shi ya tuɓe, in kowa ya bushe shi ya sa riga. Ki dawo nan da kaka ki ga ko za ki hango sama ta cikinshi. Da rani, sa'ad da ko tsinke babu a ƙasa, mi kike tsammani awakina ke ci? 'Ya'yanshi nike kaɗowa da gora in cika buhuna. Da su nike turke ragunan layya. Rabin matan unguwar nan gindinshi suke tsintar abin ba dabbobinsu. Ke kin zo wuni ɗaya kin yi mishi salla kin rufe.”

Na ji kunya, amma ba sosai ba tukuna. A raina na ce to ai sai in gyara rubutun, mene ne a ciki? Na faɗa mata haka. Sai ta zauna a kan wata saiwa, ta dube ni, muryarta ta sauka.

Ashe kakanmu da zai rasu ya tara 'ya'yansa ya bar wasiyya a kan wannan wuri: busasshe kowa ya ɗiba, ɗanye kada a taɓa. Shekaru ke nan Baffa, yayan su Goggo duka, wanda ya daɗe yana kasuwanci a Kudu, yana son a share wurin, wasiyyar nan ce ta ɗaure masa hannu a gaban dangi. Da hotona ya shiga guruf, washegari Baffa ya rubuta cewa tunda 'yarmu ta jami'a ta je ta gani da idonta itatuwan sun mutu, gara a amfana da su kafin gara ta cinye. Waɗanda ke birni suka ce haka ne. Na ga saƙon ma ya wuce, ban tsaya karantawa ba, ina can ina ƙirga masu yaba ni. Baffa kuwa ya riga ya yi magana da wani mai injin yankan itace, ranar Asabar zai zo da mota ya kwashe su duka.

Na ce ai da sauƙi, Baffa bai sani ba ne, bari in kira shi in yi masa bayani. Goggo ta ce, “Kira shi mana,” tana kallon rafi.

Na gaishe shi da ladabi, na tambayi iyali, sannan na shiga yi masa karatun da aka yi mini minti goma da suka wuce, har da cewa irin wannan itacen da damina yake zubar da ganye. Ya bar ni na kai aya. Sai ya yi dariya.

“Ɗiyata, ni za ki koya wa gawo? A gindinsu na yi kiwo tun ubanki bai fara tafiya ba.”

“To Baffa, tunda kun sani...”

“Ni ban ce komai ba. Ke kika ce sun mutu, duniya ta gani. Na kuma ba mutum magana, ni ba yaro ba ne da zan dawo in ce na fasa.”

Na buɗe baki na ce, “Amma Baffa wannan ai ha'in...” Ban ƙarasa ba Goggo ta fizge wayar, ta ce masa, “Yaya, sai anjima, layin ba kyau,” ta kashe. Ta kai mini dundu a baya, irin wanda rabona da shi tun ina 'yar shekara tara.

Na ce mata yanzun nan zan rubuta a guruf in tona shi, in ce ya san gaskiya, da bakinsa ya faɗa mini. Ta ce in na yi haka to in tafi in taya mai injin ɗaukar jarkar fetur, domin ranar Asabar ko saiwa ba zai bari ba. “Yayana ne, na san shi. In kika kunyata shi gaban ƙannenshi da 'ya'yansu, gara mishi ya ƙone wurin da ya ja baya. Ba za ki ce ya sani ba. Ba za ki ce ya yi kuskure ba. Za ki ce ke kika ruɗe shi. Ki ɗauki laifin duka, har da nashi, ki aza a kanki, ki roƙe shi ya taimake ki ya gyara ɓarnarki. Ki bar mishi ƙofa ya fita da rawaninshi a kai.”

Na ce wannan ai zalunci ne. Ta ce, “Ƙwarai kuwa. Kina son gaskiyarki ko kina son iccen?”

Da muka koma, mun fi awa muna wannan jayayya a tsakar gida, ina kaiwa da komowa, ita tana ɓare gyaɗa ko a jikinta. Ni da ban taɓa cewa na yi kuskure a gaban mutum biyu ba, wai in faɗa a gaban dangi sama da arba'in, har da 'yan uwan da nake yi wa dariya don sun faɗi jarrabawa. Amma ni ba wawiya ba ce. Da na huce na ga lissafinta ya fi nawa, kuma in har zan yi abu, to sai na yi shi da kyau.

Saƙon murya na ɗauka, ba rubutu ba, don a ji ni sosai. Sau biyar ina sakewa, Goggo tana cewa, “Har yanzu da sauran girman kai a muryar nan.” A na shida na ce ni wance 'yar marigayi wane, na yi jahilci, na ga gawo ban san shi ba, na yi masa shaidar zur, na ruɗi Baffanmu da ke nesa wanda ya yarda da ni saboda yana ganin na yi karatu. Na ce Baffa, don Allah ku rufa mini asiri, kada a karya wasiyyar kaka ta dalilina, ku ne babba, ku kaɗai za ku iya tsayar da wannan. Na tura. Na koma shafinmu na rubuta gaskiyar magana a ƙarƙashin hoton, na kuma kira malamin nan na ce kada a buga.

Kafin magariba an gama da ni. 'Yan uwa suka yi ta turo hoton dariya. Wani ƙanen mahaifina ya ce a maido masa da kuɗin motar da ya taɓa ba ni na zuwa makaranta. Abokan fitata uku, waɗanda su ma ba su san gawon ba, suka fi kowa tsiya. Wani baƙo a shafin ya ce gobe in na ga kaza tana barci in kira masu jana'iza. Na karanta duka, ban goge ko ɗaya ba.

Na zauna wajen Goggo muna jira, Baffa bai ce uffan ba sai ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Shi ma murya ya turo, a natse, irin ta mai yafe wa na ƙasa. Ya ce yaran yanzu sai haƙuri, karatu ya yi yawa sani ya yi kaɗan, saura ƙiris yarinyar nan ta sa shi saɓa wa mahaifinsa. Ya ce ya dakatar da aikin. Dangi suka yi ta sa masa albarka, Allah ya ƙara girma, Allah ya bar mana ku. Na ji kamar in haɗiye wayar. Goggo kuwa har da 'yar guɗa.

A ƙarshen saƙon ne ya ƙara wata magana a gajarce: mai injin ya riga ya yi shiri, a sallame shi da wani abu, kada a ce gidanmu ba su da alkawari.

Asabar da sassafe muka ji ƙugin mota a bakin rafi. Mai injin wani siriri ne mai fara'a, ba mugun mutum ba, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Goggo. Ya ce shi ya ɗauko mota, ya ɗauko ma'aikata, ya bar wani aikin saboda wannan, kuma Alhaji, wato Baffa, ya ce masa ba zai koma hannu rabbana ba. Goggo ta yi ta ja da shi, shi ma yana ja, mai unguwa ya zo ya tsaya a tsakani. Inda aka tsaya shi ne, ko dai a ba shi babban nan guda ɗaya, ko matasa uku daga cikin na gefe. Ya ce shi duk ɗaya ne a wurinsa.

Kowa ya juya yana kallon Goggo. Ita kuwa ta nuna ni da haɓa.

“Ita za ta zaɓa.”

Na ce, “Goggo, ni kuma? Ku kuka san su.”

“Ke kika jawo. Zaɓi.”

Zuciyata kai tsaye ta ce a ba shi ƙananan. Babban nan shi ne nawa, shi na ɗauka, na riga na gama shirya yadda zan dawo da kaka in tsaya daidai inda na tsaya in ɗauke shi da ganye, in jera hotunan biyu, in rufe bakin duk mai dariya. Amma wannan karon na ce a ba ni lokaci. Na sa wayar a jaka. Na zagaya babban a hankali, na ga kogo a gindinsa ta ɓangaren da ban ɗauka ba, har hannuna ya shige zuwa kafaɗa. Na je wajen matan unguwa da suka taru a gefe, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, wanne ya fi zuba, wanne ya fara ja da baya. Suka ce babban ya yi zamaninsa, bara ma rabinsa ne ya yi 'ya'ya. Ƙananan ukun kuwa yanzu suka fara ƙarfi, jikokinsu ma za su tsinta a gindinsu. Wata tsohuwa ta ƙara da cewa, “Amma fa a gindin babban nan uwarku take zama.” Goggo take nufi. Na waiwaya, Goggo ta kau da kai.

Na koma wajen mai injin na ce, “Malam, babban za ka ɗauka.”

Ya tambayi Goggo ko ta yarda. Ta ce, “Ka ji abin da ta ce.”

Na ɗauka za ta tafi gida, ba ta tafi ba. Ta tsaya kusa da ni, hannayenta a baya, tun daga tayar da injin har ƙarshe. Aikin ya ɗauki lokaci, injin yana ta cijewa yana mutuwa, mai shi yana tsaki yana cewa ɗanyen itace akwai wahalar yanka. Garin katakon da ke fita yana faɗowa a ƙafafunmu dunƙule-dunƙule. Da ya tafi ƙasa sai da na ji shi a haƙorana. Awakin da ke ɗaure can cikin gari suka ɗauki kuka gaba ɗaya.

Har gobe na san na zaɓa daidai. Da za a sake tsayar da ni a wurin, shi zan sake nunawa, kuma sauran ashirin da ɗayan suna nan tsaye, duk rani Goggo tana cika buhunanta. Ina nan ina ɗaukar hoto, na ma fi da iyawa, yaran da ke bin mu fita yanzu sun fi goma.

Amma a ranar, da ƙarar ta lafa, Goggo ta taka zuwa kututturen. Ta shafa tafin hannunta a kansa a hankali, ta daɗe a sunkuye. Sannan ta dawo ta kama hannuna na dama, wanda nake riƙe waya da shi, ta buɗe shi, ta danna nata a ciki. Jiƙe yake sharkaf, da sanyi, yana danƙo.

Ta ce, “A nan ubanmu ya yi mini aski na fari.”

Ta sake ni, ta gyara mayafinta, ta tafi ba awakinta ruwa.